A gyara rufin tsofaffin kwatas kafin a aza harsashin sababbi

Duk gwamnatin da ta zo a ƙasar nan sai ta aza harsashin sababbin gidaje. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da ginin gidaje fiye da 3,000 a Karsana ta Abuja, aka kuma yi alkawarin irinsu a jihohi. Ba na adawa da wannan, domin jama'a na ƙaruwa, dole muhalli ya ƙaru. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidajen da gwamnati ta riga ta gina da kuɗin jama'a shekaru talatin zuwa hamsin da suka wuce, waɗanda har gobe akwai bayin Allah a cikinsu, suna gasuwa da bazara, suna rawar ɗari da hunturu, kuma ba mai tunawa da su ranar kasafin kuɗi.

A ƙasashenmu na Ikara da Makarfi da Kudan irin waɗannan gidaje ba ɓoyayyu ba ne. Suna nan kusa da sakatariya, da bayan makarantun sakandare, da harabar asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani, da barikin 'yan sanda, da tsofaffin ofisoshin malaman gona. Masu zama a ciki su ne malamin makaranta, da ungozoma, da ɗan sanda mai igiya ɗaya, da masinja, da matar marigayin ma'aikaci da aka ƙyale ta ci gaba da zama da marayunta don tausayi. Mai hali ya daɗe da gina nasa, ko kuwa ya kama haya a Zariya. Ni kaina na yi shekaru ina koyarwa a ƙasar Ikara, kuma a irin wannan kwatas na haifi yawancin 'ya'yana, don haka ba labari aka ba ni ba.

Yana da kyau a tuna yadda aka yi gidajen. Tun 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, ya sa gidaje cikin manyan alkawuransa: gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha cikin jihohi 19 na wancan lokaci, har da Abuja. Ba a kai ko kusa da wannan adadi ba kafin soja su kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983, amma abin da aka gina yana nan, shi ne mutane ke kira Shagari kwatas ko Lokos. Jihohi da ƙananan hukumomi su ma sun yi nasu. Ikara ta zama ƙaramar hukuma a 1976, Kudan a 1996 da hedikwata a Hunkuyi, kuma duk inda aka kai ofis ko makaranta ko asibiti sai an yi 'yan gidajen ma'aikata. Kusan dukansu zubi ɗaya ne: bulon siminti mai rami a ciki, kwano a sama, silin na asbesto ko na kwali, taga ta ƙarfe da gilashi. Babban sukar da masana suka yi wa gidajen Shagari ke nan, cewa zane ɗaya aka ɗauka aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya, daga Legas mai ruwa har Sakkwato mai rana, ba a tambayi yanayin kowane wuri ba. An yi su ne bisa zaton cewa wutar lantarki za ta wadata, fanka za ta yi ta juyawa dare da rana. Wannan zato bai tabbata ba, gidajen kuwa sun tsufa a kansa.

A bazarar da ta wuce na je duba 'yar ƙanina, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kudan. Ɗaki ciki da falo aka ba ta a bayan asibitin. Tun daga nesa kwanon ya yi ja wur da tsatsa. Da na shiga na ɗaga kai, rabin silin falon ya zube, ana hangen katako da cikin kwano, sauran rabin kuma ya lotsa, ya yi baƙi da shatar ruwan damina da kashin jemage. Tagar falon yamma take kallo, gilasanta sun farfashe, wani da ya zauna kafin ita ya toshe gurbinsu da guntun kwano. Tagar uwar ɗaki kuwa an kafe ta da ƙusa saboda ɓarayi, tun da ƙarfen tsaronta ya ruɓe. Iska ba ta da ƙofar shiga, ba ta da ta fita. Bayan sallar isha'i na dafa bangon yamma da tafin hannuna, na ji shi da ɗumi kamar yanzu rana ta bar shi. Ɗanta na goye wuyansa da bayansa duk ƙurajen zafi, tana jiƙa zane tana lulluɓa masa, in ya bushe ta sake jiƙawa. Tana da 'yar fanka mai caji, a shago take biya a cika mata, kafin tsakar dare ta mutu.

Na ce mata, "Me ya hana ku kwana a waje, yadda muke yi a da?" Ta ce, "Haba Baffa, yanzu wa ke kwana a waje? Ni da yara kaɗai, ga shi babu katanga. Wallahi in na yi aikin dare na dawo da safe ba na samun barci, daga ƙarfe goma ɗakin nan ya zama tanderun gurasa. Da la'asar kuma in koma bakin aiki, hannuna na rawa."

Ta riga ta fara neman a sauya mata wurin aiki. Abokan aikinta biyu sun daɗe da barin nasu ɗakunan, daga Zariya suke zuwa da safe su koma da yamma, rabin albashi na tafiya a kuɗin mota. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san abin da hakan ke jawowa. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Mace ta tashi da ciwo ƙarfe biyu na dare, a ɗauko ta a babur, a tarar da asibiti a kulle, domin mai karɓar haihuwa tana nesa da garin. Kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya, yaranmu ne da yawansu, amma mun kasa tsayar da su a ƙauye, kuma cikin dalilan har da ɗakin da ba ya kwantuwa. Haka malaman makaranta. Malamin da bai runtsa da dare ba, ko wanda sai ya jira mota daga Zariya, ba zai shiga aji ƙarfe takwas da kuzari ba.

Dalilin zafin ba ɓoyayye ba ne. Kwanon da ya yi tsatsa ko ya dafe yana shanye hasken rana maimakon ya mayar da shi, da tsakar ranar Afrilu yana iya haura digiri 60. In babu silin, wannan zafi kai tsaye yake sauka a kan na ciki. In akwai silin amma babu kafar da iska mai zafi za ta fita daga tsakaninsa da kwano, sai ta taru ta gasa silin, shi kuma ya sauke wa ɗaki. Bulon siminti yana ɗaukar zafi da wuri, ya riƙe, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki bayan magariba, daidai lokacin da mutum ke neman hutawa. Da hunturu kuma abin ya juya. Ɗan ɗumin da ke cikin ɗaki ta kwanon yake tserewa, sanyin asuba ya shigo ta fasassun tagogi, sai a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya farka ba, ban da gobarar da muke ji kowane hunturu.

Kakanninmu sun san wannan ƙasa. Soron ƙasa mai kaurin bango, wanda aka yi da tubali aka rufe da azara aka shafe da makuba ko laso, yana jinkirta zafin rana har sai dare ya yi sanyi, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Wanda ya taɓa shiga tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajen shekarun 1830, ya san yadda sanyi ke tarbar mutum daga bakin ƙofa. Ba cewa nake a rushe kwatas a koma soro ba. Mutane ba su bar soro don wauta ba: yaɓen kowace shekara akwai wahala, azara ta yi tsada tun da giginya ta ja baya, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana rusa ginin da aka yi sakaci da shi. Kwano ya raba mu da ɗigar ruwa, ya haɗa mu da zafi. Abin da ya rage shi ne a ɗauko hikimar soro a saka wa gidan kwano, kuma an yi hakan a maƙwabta. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001, ya yi silin da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi, ya bar fili a tsakani iska na ratsawa, ya kuma zazzago da bakin kwanon ya yi wa bango inuwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine.

A Turai in ana maganar gyara tsofaffin gidajen gwamnati don rage cin makamashi, kuɗin ɗumama ɗaki ake nufi a rage wa talaka. Mu a nan lissafin ya ɗan bambanta, domin wutar da za a yi tsimi ma ba kullum take zuwa ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashi ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Ƙauyukanmu ba su san wannan awa ashirin ba. Wanda ya dogara da janareta kuma, tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Oktoban 2024 ne aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, wani layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Gidan da ya dace da mu shi ne wanda za a iya kwana a cikinsa ranar da babu wuta, in kuma ta zo, 'yar kaɗan ta ishe shi. Zafin ma ƙaruwa yake yi. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan waccan bazarar ta haɗu da azumi, kowa ya ji a jikinsa.

In ka kai wa mai mulki wannan kuka, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakinsa ita ce sola. Ina son sola, na ga amfaninta a asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Amma ɗora sola a kan gidan da rufinsa ke yoyo, silinsa ya zube, asarar kuɗi ce. Fankar da za ta juya a irin wannan ɗaki iska mai zafi za ta riƙa kaɗawa, sai an sayi babban faranti da babban batir kafin a ji sauƙi, batir kuma zafi yana rage masa kwana. In aka fara gyara jikin gidan, ƙaramin faranti ya isa ya riƙe fitilu uku da fanka da cajin waya har asuba.

Daga sama ake farawa. A toshe yoyo, a sauya fallayen da suka ruɓe, a kankare tsatsar sauran, a shafa musu fari. Farin fenti na rufi ya fi daɗewa, amma ko farar ƙasa da muke shafe masallatai da ita tana aiki, illa dai damina za ta wanke ta, sai an sake kafin kowace bazara. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa mutane fiye da 1,300 a zafin watan Mayun 2010. A 2013 hukumar birnin ta fito da tsarin tunkarar zafi, a 2017 kuma ta shafe rufin gidajen talakawa kimanin 3,000 da fari. Gwaje-gwajen da aka yi a can sun nuna farin rufi na rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Wanda bai taɓa kwana a kwatas ba zai raina digiri uku. Mai jego da jinjiri a hannu ba za ta raina ba.

Sai silin, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. A mayar da shi cikakke, a shimfiɗa abin tare zafi a samansa, a huda kafofi a kusurwoyin gini biyu da ke ƙarƙashin kwano don iska mai zafi ta samu mafita, a sa musu ragar ƙarfe saboda jemage da ɓera. Afirka ta Kudu ta gwada wannan a unguwar Kuyasa ta Khayelitsha, a gefen birnin Cape Town, inda gwamnati ta gina wa talakawa ƙananan gidaje ba silin. Tsakanin 2008 da 2010 aka bi gidaje fiye da 2,300 aka sa musu silin mai tare zafi da sanyi, da tankin dafa ruwa da hasken rana, da fitilu marasa cin wuta. Matasan unguwar aka koya wa aikin, su suka yi shi, aka biya su. Wannan ne ya fi burge ni a labarin.

A nan akwai hatsari biyu da dole a faɗa da babbar murya. Na farko, da yawa daga tsofaffin silin da rufin kwatas asbesto ne. In yana zaune lafiya bai fashe ba, illarsa kaɗan ce, amma ƙurarsa in an fasa ko an yanka da zarto tana shiga huhu, ta haifar da cutar daji bayan shekaru masu yawa. Na sha ganin yara suna wasa da gutsattsarinsa, mata suna ɗora tukunya a kai. Kada a tura yaran kafinta su farfasa shi da guduma ba takunkumi. A jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum, a binne. Na biyu, soson roba mai arha da ake cusawa don tare zafi, wani irinsa yana kama wuta kamar fetur. A watan Yunin 2017 benen Grenfell na birnin Landan, wanda gidan gwamnati ne na masu ƙaramin ƙarfi, ya kama da wuta mutum 72 suka mutu, kuma kayan da aka lulluɓe jikinsa da su lokacin gyara su suka yaɗa wutar. A gidan da wayoyin lantarkinsa suka shekara arba'in ɓera na ci, dole a sauya waya kafin a rufe silin, a kuma zaɓi kayan da ba sa cin wuta.

Taga kuwa maganarta haɗe take da tsaro. Mutum ba zai bar taga a buɗe da dare ba sai ya tabbata ɓarawo da sauro ba za su shigo ba. Saboda haka ƙarfen tsaro mai ƙwari da ragar sauro su ne ke buɗe taga, buɗaɗɗiyar taga gaba da baya kuma ita ke fitar da zafin da bango ya tara. Mai walda a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi zai yi wannan a yini ɗaya. Bangon yamma a yi masa rumfa ko baranda, ko da ta zana ce, a dasa dogon yaro ko mangwaro da ɗan nisa daga harsashi, a kewaye dashen saboda awaki. Ƙwan fitila irin na da mai wat 60, wanda yawancin wutar da yake ci zafi take zama, a sauya shi da na zamani mai wat 9, haskensu kusan ɗaya. Ghana ta raba irin waɗannan fitilu masu tsimi miliyan 6 kyauta a 2007, ta rage wa tashoshinta nauyin megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta.

Kada a manta da madafi. A yawancin kwatas wani ɗan lungu ne mara taga, bangonsa baƙi ƙirin, matar gida na tsugune gaban murhun duwatsu uku idanunta na hawaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Itace kuma kullum tsada yake ƙarawa, dazukanmu na ƙarewa. Murhu mai tsimin itace ba baƙo ba ne a jihar nan, an daɗe ana harhaɗa irin wanda ake kira Save80 a Kaduna. Taga ɗaya a sama, bututun hayaƙi, da ingantaccen murhu, sun wadatar.

Na san abin da za a ce: ina kuɗin? Wasu kuma za su ce ai gara a sayar da gidajen a huta, kamar yadda gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sayar da gidajen gwamnati masu yawa a zangonta na farko. A cikin birnin Kaduna, inda fili ke da daraja kuma ma'aikaci zai samu haya a ko'ina, wannan hujja tana da ƙafa. A ƙauyen da ke bayan Paki ko Gubuchi ko Likoro ba haka abin yake ba. Gidan ungozoma a harabar asibiti kayan aiki ne, daidai da gadon haihuwa. In aka sayar da shi, aikin dare aka sayar. Waɗanda kuma aka riga aka mallaka wa mazauna, irin gidajen Lokos, masu su na da wata ƙofa da yawancinsu ba su san da ita ba. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin mai zubi, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana da bashin gyaran gida ga masu zubin. Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya su ya kamata su tattara 'ya'yansu su nema musu a dunƙule.

Ainihin cutar kwatas ita ce, mai gidan ba ya kwana a ciki, mai kwana a ciki kuma ba nasa ba ne. Hukuma ba ta jin zafin, don haka ba ta gaggawa. Ma'aikaci kuma yana tunanin gobe za a iya ɗauke shi, don me zai zuba albashinsa a silin da wani zai mora? Lokacin da nake kwatas na rubuta takardar neman gyara, na bi ta ofis ofis, har aka sauya mini wurin aiki ba a zo an duba ba, alhali kowane wata ana cire mini kuɗin haya. Maganin wannan ba ya bukatar dokar tarayya. Kuɗin hayar da ake cirewa a ware shi a asusun gyara na wannan makaranta ko asibiti, kwamitin mazauna da shugaban wurin su sa hannu kafin a taɓa. Ma'aikacin da ya yi gyara da aljihunsa bisa izini, a riƙa rage masa a haya har ya fanshe. Mu mazauna ma da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Akwai masu ɓalle ƙofa da kan fanfo su tafi da su ranar tashi, akwai masu ɗaure dabbobi a baranda. A riƙa duba gida ranar shiga da ranar fita, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Ta fuskar doka ma ba daga sifili za a fara ba. A 2017 Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan sa abin tare zafi a rufi, da iyakance faɗin gilashi ko yi masa inuwa, da fitilu marasa cin wuta. Sababbin gine-gine ta fi shafa, kuma sai jiha ta ɗauka ta sa a dokarta kafin ta yi aiki. Babu abin da zai hana ƙaramar hukuma ta ce duk kwangilar gyaran gidan ma'aikata da za ta bayar daga yau sai an bi waɗannan sharuɗɗa. Abin da muka saba gani shi ne a zo a shafa wa bangon gaba fenti mai launi, a kafa allo, a tafi, rufi na nan yadda yake. Wani lokaci ma a ɗora sabon kwano mai launin shuɗi mai duhu ko baƙi don ya yi kyau a hoto, wanda ya fi tsohon zafi.

Masana kuma a ƙofar gidanmu suke. Daga Hunkuyi zuwa Jami'ar Ahmadu Bello tafiyar 'yan mintoci ce, akwai sashen zanen gine-gine da na injiniya, ga kuma Kwalejin Nuhu Bamalli. Ɗalibansu kullum neman abin bincike suke yi. A ba su gida biyu masu zubi ɗaya, a gyara ɗaya a bar ɗaya, su rataya ma'aunin zafi a kowanne daga Maris zuwa Mayu, su karanta wa jama'a sakamakon a rediyo. In farin rufi da silin ba su yi abin da na faɗa ba, alƙaluman za su nuna, a daina. In sun yi, to duk mai gidan kwano a Makarfi da ke da kuɗin rake a hannu bayan kaka zai kwaikwaya ba sai an roƙe shi ba, domin gidajen talakawan gari ma ciwonsu ɗaya da na kwatas. Su ɗaliban kuma su gwada abin da muke da shi a gida, kamar ɓuntun shinkafa da ƙasa, su ga wanda zai iya tare zafi ba tare da gara ko wuta ta ci shi ba.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, jama'a sun fara tambayar shugabanninsu abin da suka yi da abin da ya shigo. Ranku ya daɗe shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, da wakilanmu na mazaɓun Ikara da Kubau, da Makarfi da Kudan: ku tura sashen ayyuka ya ƙirga gidajen ma'aikata da ke ƙarƙashinku, gida gida, a rubuta halin rufi da silin da taga da waya. Ku sa gyaransu a kasafin baɗi da sunansa, ku ba kafintoci da magina da masu walda na garuruwanmu aikin. Lokacinsa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin rana ta buɗe. In kuɗin ba zai kai ko'ina ba, ku fara da gidajen ungozomomi da ma'aikatan jinya na ƙauyuka.